Amsa ga mai tambaya kan kai yara bikin Karnival a Malta

Hajiya, sannu da baƙunta, Allah ya sa kun zo a sa'a. Kin ce makaranta ta aiko takarda yara su zo da shigar kwaikwayo saboda Karnival, su kuma sun matsa sai kin kai su kallo Valletta, babban birnin ƙasar, ke kuwa ba ki san kan abin ba. A tsibirin nan na yi firamare lokacin mahaifinmu yana aiki a can, kuma shawarata ki kai su, amma da rana.

Bikin na 'yan Katolika ne, kwana 5 suke yi daga Juma'a zuwa Talata kafin su shiga azuminsu na kwana 40, yawanci cikin Fabrairu. Tun 1535 yake da suna a ƙasar, zamanin mayaƙan da ake kira Jaruman Santa Yohanna. Ba a coci ake yinsa ba, harkar titi ce.

Batun makaranta kada ki ɗauke shi da wasa. Yaron da ya je da yunifom ranar nan a gefe zai wuni yana kallon 'yan'uwansa, kuma abin yana zama a zuciya. Ba sai kin sayi kayan aljanu ko na mayu ba. Mahaifiyarmu babbar riga mai aiki ta sa mini, ta naɗa mini rawani da farin mayafinta, ƙanwata kuma aka ɗaura mata atamfa da ɗankwali. Malamarmu sai da ta sa hannu tana shafa aikin wuyan rigar, tana tambaya ko da hannu aka yi shi.

Abin da har yau ban manta ba motocin da ke yawo da manyan siffofi ne. Watanni magina ke kwashewa suna haɗa manyan siffofi da takarda da kwali da ƙarfe, su shafe su da fenti mai ɗaukar ido. Ina kan kafaɗar Baba a titin Republic wani ƙaton kai ya zo wucewa, tsayinsa ya kai barandar bene, idanunsa na juyawa, bakinsa na buɗewa yana rufewa, kiɗa na dukan ƙirji. A lokacinmu a dandalin Freedom ake gasar rawa, nan bakin ƙofar gari inda ginin majalisa yake yanzu. Ranar Talata da yamma ake rufewa a titin St Anne da ke Floriana, garin da ke maƙwabtaka da Valletta, can ne cunkoso ya fi yawa.

Cunkoson nan shi ne abin tsorona. Titunan Valletta ƙanana ne, kuma mutanen garin ba su manta 1823 ba, shekarar da yara maza fiye da 100 suka rasu a turmutsitsi wajen karɓar burodi a wani gidan ibada ana cikin bikin. Ki riƙe hannunsu, ki rubuta lambar wayarki ki sa musu a aljihu, ku tsaya kusa da bakin lungu.

Idan wani ya ce ku tsallaka tsibirin Gozo ku ga na garin Nadur, ki bari sai sun girma. Na dare ne, da shiga mai ban tsoro da shaye-shaye, ba wajen yara ba ne ko kaɗan.

Za su ga prinjolata a tagogin shaguna, wani kek mai kama da tulin shinkafa a faranti, an lulluɓe shi da farin kirim da cakulan da ceri. Ki tambaya kafin ki saya, domin wasu suna zuba giya a ciki. Perlini kuwa, almon ne da aka lulluɓe da sukari kala-kala, ki cika musu aljihu. Ki kuma sa musu rigar sanyi a ƙarƙashin kayan, iskar teku a Fabrairu tana shiga jiki, ruwa ma yakan sauko ba sallama.