Libarba mai gajeren hanci: daɗin ɗauka daban, daɗin harbi daban

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, na bari sai da na samu zama, don ba amsar layi biyu ba ce. Ka ce izinin ɗaukar bindiga ya fito maka a jihar da kake a Amurka, ba ka taɓa mallakar ƙaramar bindiga ba, mai shago kuma ya nuna maka libarba (ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa) marar nauyi mai gajeren hanci, wato bututun da harsashi ke bi, ya ce ita ce daidai da sabon shiga, tunda babu tarkace a jikinta. Kana kuma tunanin ƙara kuɗi ka ɗauki mai cin harsashi mai ƙarfi da ake kira .357 Magnum.

Na daɗe ina yawo da irinta a aljihu, har gobe ita hannuna ke fara kai wa idan zan fita, saboda haka ba kushe ta zan yi ba. Amma mai shagon rabin zance ya faɗa maka. Sarrafa ta kam babu wuya: ka buɗe ganga, ka zuba harsashi biyar, ka rufe, shi ke nan. Abin da ya bari a ciki shi ne, cikin ƙananan bindigogin da ke kasuwa da wuya ka samu wadda ta fi ta wahalar samun abin da aka saita. Bindigar gwanaye ce ake yawan miƙa wa 'yan koyo.

Nauyin ne tushen maganar. Wannan zubi na Smith & Wesson ya faro a 1950 da Chiefs Special, 'yar libarba ta ƙarfe mai cin biyar. Ba a jima ba suka fara yin jikin da alminiyum, suka kira shi Airweight, a 1952 kuma suka kawo Centennial, wadda aka ɓoye gudumarta, ƙarfen da ke dukan harsashi ya tashi, a cikin jiki don kada ta sarƙe da tufa. Model 642 da 442 da ake rububi yau jikokinsu ne: hanci bai cika inci 2 ba, nauyi giram 400 da 'yan kai. Ruger LCR da ta fito a 2009 wajen giram 380 ce. Ta ƙarfe zalla irin Model 640 kuwa ta haura giram 600. A shago wannan bambanci daɗi yake yi a tafin hannu. A filin harbi ake biyan bashinsa, domin ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke turo bindiga baya, kuma idan aka rage rabin nauyin bindiga, shurin da take yi kusan ninkawa yake.

Bari in gaya maka yadda abin yake a hannu. Ƙotar da take zuwa da ita gajera ce, yatsu biyu ne ke samun wuri, ƙaramin yatsa yana lilo a ƙasa. A yawancinsu bayan ƙotar ƙarfe ne tsirara, shi ne kuma ke zama daram tsakanin babban yatsa da manuniya. Harbin farko sai ka ji kamar an zabga maka sanda a tafi. Baki ya ɗaga, bindigar ta ɗan zame, sai ka gyara riƙo kafin na biyu. Maɓallin buɗe ganga yakan goge gaɓar babban yatsa har ya ɗaye fata idan ka ɗora yatsan sama. Ga ƙara mai tsini a kunne, ga wuta a baki, don albarushi bai gama ci ba harsashi ya riga ya fice. Kafin kwali ɗaya ya ƙare, hannu ya fara jiran dukan tun bai zo ba, yana danna bakin bindiga ƙasa daidai lokacin da kunama za ta saki. Nan harsasai za su fara sauka ƙasa ta hagu, idan da dama kake harbi. Wannan zabura shigarta sauƙi, fitarta aiki, kuma ita ce ke sa mutane su jefa bindigar a durowa su daina zuwa fili. Na sha ganin irin wannan libarba ta shekara da shekaru a hannun mai ita, fenti ya koɗe saboda aljihu, cikin hancin kuwa fes kamar jiya aka sayo.

Sai kunama. Tunda guduma a ɓoye take, kowane harbi yatsanka ne zai juya ganga, ya ɗana guduma, ya sake ta, duk a ja ɗaya mai tsawo, nauyin jan kuma yakan kai kilo 5 ko fiye. To lissafa: kana jan kilo 5 da yatsa ɗaya a jikin abin da bai kai rabin kilo ba, kana so ya tsaya cak. Tsakanin masaitin gaba da na baya kuma babu tazara, na bayan ma 'yar tsaga ce kawai a saman jiki, don haka karkacewar da ido ba zai kama ba a hannu sai ta zama taƙi guda a kan takardar da kake harbi. Bindigar ba ta da laifi, idan aka kafa ta a kan teburi tana tara harsashi wuri ɗaya har da nisa. Kada kuma wani ya ce maka a canza sifirin don a sassauta jan. Nauyin nan shi ne makullin bindigar, kuma sifirin mai laushi yana iya kasa tayar da harsashi.

Maganar .357 Magnum, ni dai na ce ka bar ta. An yi harsashin nan a 1935 don manyan libarba masu nauyin fiye da kilo guda. Model 340PD, wadda aka haɗa jikinta da sikandiyum aka yi gangarta da titaniyum, wajen giram 330 ce kacal. Aikin ƙira ne mai ban sha'awa, amma harba cikakken Magnum a cikinta azaba ce, kuma yawancin masu ita da na sani .38 Special, harsashin da bai kai Magnum ƙarfi ba, suke zuba mata, wato sun biya kuɗin abin da ba sa amfani da shi. A jikin hancinta ma kamfanin ya rubuta kada a sa harsashin da nauyin kansa bai kai giren 120 ba (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne). Akwai kuma wata matsala ta bindigogi marasa nauyi sosai: fizgar da bindiga ke yi baya tana iya zaro kan harsasan da ke jiran layi daga kwansonsu kaɗan-kaɗan, har ɗaya ya leƙo gaban ganga ya hana ta juyawa. Duk harsashin da za ka dogara da shi, harba huɗu, ka ciro na biyar ka jera shi da sabo ka ga ko ya ƙara tsawo.

Don atisaye nemi .38 Special mai shafaffen kai na giren 148, wanda za ka ga an rubuta wadcutter a kwalinsa. Shurinsa da sauƙi, yana huda takarda zagaye tsaf, kuma akwai ƙwararru da dama da shi suke yawo, domin gajeren hanci ba kullum yake ba harsashi mai rami a kai gudun da zai sa kan ya buɗe ba. In kana son mai rami, ɗauki wanda aka yi musamman don gajeren hanci, irin Speer Gold Dot na giren 135 mai alamar +P, wato wanda aka ƙara wa ƙarfi, amma duba jikin bindigarka tukuna ko an rubuta tana ɗaukar +P. Tsofaffin na alminiyum da yawa ba a yi su don shi ba. Wata hanyar da ba a cika ambata ba ita ce harsashin .32, wanda bai kai .38 kauri ba. LCR mai cin .327 Federal tana ɗaukar shida, tana kuma harba .32 H&R Magnum da .32 S&W Long, waɗanda shurinsu bai kai na .38 ba. Sai dai harsashin ba kowane shago ke da shi ba.

Biyar ɗin nan kuma ka sa a ranka su ne ke nan. Sake ɗuri yana cin lokaci. Sandar fitar da kwanso gajera ce, ba ta turo su har ƙarshe, sai ka ɗaga baki sama ka buge ta da tafi sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka yi da baki a ƙasa, burbushin albarushi ya faɗa ƙarƙashin tauraron da ke ɗago kwanso, ganga ta ƙi rufuwa. Tsohon burushin haƙori a jakar fili yana maganin wannan.

To me ya sa ban rabu da ita ba? Don tana tare da ni. Babbar fistol mai cin goma sha biyar ta fi ta komai a filin harbi, amma ranar zafi da riga marar nauyi a gida ake barin ta. Wannan kuwa ta shige aljihun gaba ta yi lamo, siffarta ba ta da kusurwoyin da ke tona asiri, kana iya ɗora hannu a kanta ba wanda ya lura. Ba ruwanta da ko riƙonka ya yi sako-sako, kuma idan harsashi ya ƙi tashi ja na gaba zai kawo wani. Amma in ka ji ƙara ta fito a raunane a fili, tsaya nan take ka duba, wataƙila harsashi ya maƙale a hanci. Aljihu kuma sai da kube mai rufe kunama ruf, kuma wannan aljihun nata ne ita kaɗai, ba makulli ba tsabar kuɗi. Duk mako ka sauke harsashi ka share burbushin zare. In akwai yara a gida, daga jikinka sai akwati mai kulle.

Abin da ya fi gyara min harbi biyu ne. Na farko canza ƙota zuwa ta roba mai rufe bayan ƙarfen, mai ba ƙaramin yatsa wuri. Tana ƙara ɗan girma a aljihu, amma ta cancanta. Na biyu jan kunama a gida da harsasan bogi marasa albarushi, bayan ka kai na gaske wani ɗaki ka duba ganga sau biyu, ido a kan masaitin gaba har ya daina motsi. A fili kuma ka cakuɗa harsashi biyu ko uku da kwanson da aka riga aka harba, ka juya ganga ba tare da ka kalla ba, ka rufe a hankali. Duk lokacin da guduma ta faɗa kan wofi za ka ga da idonka yadda bakin ke nutsewa. Fara daga mita 3, sai 5, sai 7. Babban yatsan hannun taimako kada ya kusanci gaban ganga, iska mai zafi ke fesowa daga tsagar nan.

Dokar kuma ka karanta da kanka. Izinin jiha ɗaya ba lallai ya yi aiki a wata ba, Nu Yok da Kalifoniya ba sa karɓar na waje, kotuna da gine-ginen gwamnatin tarayya kuma ba a shiga da ita.

Kafin ka zaro kuɗi, je filin da ke ba da hayar bindiga, ka nemi malamin harbi ya tsaya maka. Karɓi ta alminiyum da ta ƙarfe, ka harba harsashi iri ɗaya a kowace daga mita 5 a kan takarda mai faɗin faranti. In ta alminiyum ta tara maka biyar a ciki kuma kana jin za ka iya komawa kowane wata, saye ta. In ba haka ba, ɗauki ta ƙarfe ka ɗaura a ƙugu, ko ka fara koyo da mai cin ƙaramin harsashi .22. Idan ka dawo ka ɗora mana hoton takardun, daga inda ramukan suka taru za mu gane ko kunama ce ko zabura.