Tambaya da Amsa: Kiwon Karnuka Masu Takardar Nasaba

Tambayoyin wannan fitowar duk a kan karnukan gadi da na farauta suke, kuma likitan dabbobi da mai sana'ar kiwo ne suka haɗu suka amsa.

Tambaya: An kawo mini kwikwiyon Jaman Shefad ɗan sati biyar, wai tsantsa ne mai takarda, kuɗinsa ya ninka na sauran. Gadin gida nake so ya yi. Yaya zan gane takardar ta gaskiya ce, kuma mece ce ƙa'idar jinsi da masu sayarwa ke yawan ambata? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Malam, tun kafin a zo kan takarda, ɗan sati biyar bai isa rabuwa da uwarsa ba. Sai ya cika sati takwas. A waɗannan makonnin ne yake koyon rage ƙarfin cizo a wurin uwa da 'yan uwansa, kuma wanda aka ɗauke da wuri yakan taso da tsoro. Kare matsoraci shi ya fi cizon yaran gida.

Ƙa'idar jinsi rubutaccen bayani ne na yadda kare na wani iri ya kamata ya kasance: tsayi, nauyi, gashi, tafiya da hali. Ta Jaman Shefad, wanda mutanenmu ke kira karen 'yan sanda, ta samo asali daga ƙungiyar da Max von Stephanitz ya kafa a Jamus a 1899, lokacin da aikin karen kiwon tumaki ne. A ma'aunin hukumar karnuka ta duniya, FCI, wadda aka kafa a 1911 take da hedikwata a Beljiyam, namiji santimita 60 zuwa 65 ne daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, nauyi kilo 30 zuwa 40. Karya kuma santimita 55 zuwa 60, kilo 22 zuwa 32. Don haka wanda ke tallar "ƙaton Shefad" mai kilo 60 ya fita daga ƙa'idar da yake tinƙaho da ita, kuma nauyin nan a kan kwatangwalon karen zai sauka. Haka masu son gadon baya ya zube sosai ta wajen wutsiya don ado: kare ne da aka tsara ya yini yana sassarfa, in ƙafafun baya suna harɗewa to an ɓata shi.

Takarda ta gaskiya tana ɗauke da sunayen uwa da uba da kakanni aƙalla tsara uku, da lambar rajista, da sunan ƙungiyar da ta bayar, wadda za ka iya tuntuɓa ka tabbatar. Lambar 'yar na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fatar wuya, mai alƙaluma 15, dole ta zo daidai da ta jikin takardar. Likita na da abin karanta ta. Amma takarda nasaba kawai take faɗa, ba ta ce komai a kan lafiya ba. Abin da za ka nema shi ne sakamakon hoton ƙashin kwatangwalo da gwiwar ƙafar gaba na iyayen biyu, wanda ake ɗauka bayan kare ya shekara. Ana ba kwatangwalo daraja daga A zuwa E. A da B lafiya lau, C akwai ɗan sako-sako, D da E bai kamata a hayayyafa da su ba. Ciwon kwatangwalon nan gado ne, kuma ba ya nunawa a kwikwiyo. Sai ya yi wata shida zuwa shekara ka ga yana gudu da ƙafafun baya a haɗe, yana shan wahalar tashi. Ka je gidan da kanka ka ga uwar. In aka hana ka ganinta, riƙe kuɗinka.

Tambaya: Karyata Rotwaila ce 'yar wata tara, ta fara jini a karon farko. Ubanta yana wurina, kyakkyawa ne ƙwarai, ina so in haɗa su don jinin ya tsaya tsantsa. Akwai matsala? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Matsala biyu ma, ɗan'uwa. Kowane kare, komai kyansa, yana ɗauke da wasu ƙwayoyin gado marasa kyau a ɓoye. Ba sa bayyana sai ɗa ya samu iri ɗaya daga uwa da uba duka. Dangi na kusa ɓoyayyen aibinsu ɗaya ne, kuma in iyaye biyu suna ɗauke da shi, a lissafi ɗa ɗaya cikin huɗu zai fito da cutar. Ma'aunin kusancin jini na uba da 'ya, ko wa da ƙanwa, kashi 25 cikin ɗari ne. 'Yan uba ko 'yan uwa ɗaya kashi 12.5, 'yan wa da ƙane kashi 6.25. Yana hawa, yawan 'ya'yan da ake haifa yana raguwa, mace-macen jarirai na ƙaruwa, garkuwar jiki na rauni. Shi ya sa ƙungiyar karnuka ta Ingila, wadda ke aiki tun 1873, ta daina yi wa 'ya'yan haɗin uba da 'ya, ko wa da ƙanwa, rajista daga 2009. Nemi namijin jinsinta daga wani gida, ka ajiye takardunsu gefe da gefe, ka tabbata ba kaka ɗaya a tsara uku.

Na biyu, 'yar wata tara ƙashinta bai gama ƙwari ba. Babbar karya sai ta kusa shekara biyu, wato wajen jini na uku. Kafin barbara a kammala mata rigakafi da maganin tsutsa, a cire kaska, a gwada jinin su biyun don cutar burusela mai sa ɓari. Likita ya duba al'aurarsu saboda wani tsiro mai zubar jini da ke yaɗuwa ta barbara, wanda ya yi yawa a karnukan da ke yawo sakaka. Yawanci kwana na 10 zuwa 14 daga fara jini ne take karɓar namiji, amma gwajin sinadarin furojestaron a jinin karya ya fi ƙidayar kwana tabbas. A haɗa su sau biyu, kwana biyu tsakani. In sun maƙale, minti biyar zuwa talatin ne su rabu da kansu; watsa ruwa ko ja da ƙarfi yana ji musu rauni.

Ciki kwana 63 ne, da ɗan gaba ko baya. Kada a ƙara abinci sai sati na shida, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kada a ba ta ƙwayar kalsiyam da ciki, domin tana sa jiki ya kasa fitar da nasa lokacin shayarwa, karyar ta kama makyarkyata da jijjiga. Zafin jikinta, wanda ya saba zama digiri 38 zuwa 39, yakan sauka wajen 37 kwana guda kafin naƙuda. A kira likita nan take in ta yi minti talatin tana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan fari. Kowane kwikwiyo ya sha dakashi a ranar farko. Maganin tsutsa a sati 2, 4, 6 da 8. Allurar rigakafi ta farko a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati uku ko huɗu har sati 16, saboda cutar fabo mai zawon jini. Ƙa'idar ƙungiyar Ingila haihuwa huɗu ce iyaka a rayuwar karya, kuma ba a wuce shekara takwas. Mu ma ita muke ba da shawarar a bi.

Tambaya: Maigidana yana son Kokeshiyan saboda girmansa. Zai jure zafin garinmu? (Mai karatu daga Sakkwato)

Amsa: Hajiya, da ƙyar. Gashinsa ninki biyu ne, na sanyin duwatsun Kokasas, kuma kare da haki yake rage zafi, ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Zafin jikinsa ya haura digiri 41, ƙoda da ƙwaƙwalwa na iya lalacewa. Aske shi tas ba magani ba ne, rana ce za ta ƙona fatar. Ku nemi mai gajeren gashi da dogon hanci.

Tambaya: Muna da dogayen karnukan farauta irin na Buzaye. An ce Turawa sun yi musu rajista. Namu da ba su da takarda ba na asali ba ne ke nan? (Mai karatu daga Tawa, Nijar)

Amsa: Naku ne tushen, Malam. Azawak, sunan da aka yi musu rajista da shi, sunan kwarin da ya ratsa Nijar da Mali ne, daga yankin aka kai karnukan zuwa Turai a shekarun 1970, kuma ƙungiyar karnuka ta Amurka sai a 2019 ta ba su cikakkiyar rajista. Ƙa'idar da aka rubuta siffar naku ce aka kwafa: namiji santimita 64 zuwa 74, kilo 20 zuwa 25, karya 60 zuwa 70, kilo 15 zuwa 20, tsayinsa ya ɗan fi tsawon jikinsa, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame. Ganin haƙarƙari a jikinsa siffa ce, ba yunwa ba, kada a cusa masa abinci don ya yi ƙiba. Da karnuka kaɗan aka fara kiwonsu a Turai, jininsu ya kusanci juna, shi ya sa masu kiwo na can suke komowa Sahel neman sabon jini.

Abin da ke barazana ga naku shi ne gauraya da karnukan waje. A killace karya tsawon sati uku na jininta. Da yawansu sau ɗaya suke yi a shekara, ba wahala. Ka buɗe littafi: ranar haihuwa, uwa, uba, launi, gudu da hali a daji, cutar da ta taɓa kama shi, da hotonsa a tsaye ta gefe. Wanda ke farfaɗiya a cire shi daga barbara. Allurar haukan kare kuwa a wata uku ake fara ta, a maimaita duk shekara, a rubuta ranar a littafin.