Fara aikin koyarwa a tsibirin Zanzibar

Malam, ka tambayi yadda za ka saba da sabon aikinka na koyarwa a sakandare a Zanzibar. Shawarata ita ce ka fara koyon Swahili tun kafin ka tashi, domin ko da yake da Turanci ake koyarwa a sakandare, da Swahili ɗalibanka suka taso, kuma da shi iyayensu za su yi maka magana. Kalmominsa da dama daga Larabci suke, saboda haka ba zai gagare ka ba. Ka tabbatar takardar izinin aikinka ta fito kafin ka shiga aji, sannan ka kama gida kusa da makaranta, saboda ruwan Maris zuwa Mayu yana da yawa ƙwarai.