Ciwon gawut: in sayi ƙwayoyin ceri in ajiye maganin likita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 52. Sau uku ke nan a bana babban ɗan yatsan ƙafata yana tashe ni da tsakar dare, ya kumbura ya yi jajir, ko mayafi ne ya taɓa shi sai na yi ƙara. Likita ya ce gawut ne, ya rubuta mini allopurinol, maganin rage yurik asid a jini. Ni kuwa ba na son shan magani kullum. Na ga ana tallar ƙwayoyin ceri da na bitamin C a intanet. In saya in bar na likita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Kada ka bar shi.

A ciwon gawut, sinadarin yurik asid ne ke taruwa a jini. Da ya haura kusan 6.8 mg/dL a gwajin jini sai ya soma daskarewa a gaɓa kamar ƙananan allurai, su ne ke hana ka barci. Abin da likita ke nema shi ne ya sauko ƙasa da 6. Gyaran abinci kuwa, ko ka tsananta wa kanka, da wuya ya rage abin da ya wuce kusan 1, domin a yawancin masu gawut, ƙoda ce ba ta fitar da sinadarin yadda ya kamata. Mai tashin ciwo sau uku a shekara ya wuce a ce abinci kaɗai zai fisshe shi.

Batun ceri, wani ɗan itace ƙarami ja, ba ƙarya ba ce zalla. A 2012 wani bincike na Jami'ar Boston kan mutum 633 ya ga tashin ciwon ya ragu da kashi 35 cikin ɗari bayan cin ceri. Sai dai bibiyar mutane kawai aka yi, bai kai hujjar ajiye magani ba. Bitamin C kuma, ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ba ta goyi bayan shan sa don gawut ba a ƙa'idojinta na 2020. Ni dai da kuɗina ne, gwajin jini zan biya da shi.

Gyaran da ke da amfani ba ya cin ko sisi. Ka rabu da lemun kwalba mai zaƙi, da giya ga masu sha. Ka rage hanta da ƙoda da kifin sardin da jan nama. Wake da alayyafo, da ake ta tsorata mutane da su, ka ci abinka. Madara marar kitse tana taimakawa, haka yawan shan ruwa. In akwai ƙiba a rage ta sannu a hankali, don horon yunwa na gaggawa kan tayar da ciwon.

Abin da ke sa mutane da yawa su watsar da allopurinol: a watannin farko ciwon kan iya tasowa, sai su ce maganin ne bai karɓe su ba. Ƙananan alluran yurik asid ɗin nan ne ke narkewa. Ka tambayi likitanka ko zai haɗa maka da colchicine, maganin hana tashin ciwon, na ɗan lokaci, ka kuma nuna masa maganin hawan jini in kana sha, don masu sa yawan fitsari suna ƙara yurik asid. In kuraje suka feso maka bayan ka fara allopurinol, ka dakata ka koma wurinsa a ranar.