Baba ya daina zuwa sujada tun rasuwar Mama: sanyin bangaskiya ne ko ciwo?

TAMBAYA: Malam, mahaifina shekararsa 69. Asalinmu Zuru, amma a nan Sakkwato ya yi aikin gwamnati shekara 35 har ya yi ritaya. Dattijon ikilisiya ne, a da shi ke fara isa coci ranar Lahadi. Tun da Mama ta rasu bara ya zama wani mutum daban. Ya daina zuwa sujada, abinci sai an yi da gaske, ƙarfe 3 na dare za ka ji motsinsa a tsakar gida. Kullum maganarsa, "Ni nawa ya ƙare, lokaci nake jira." Wasu sun ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi, a sa shi azumi. Me zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Mabera.

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Maganar azumin nan a jingine ta tukuna. Mutumin da tuwo ma sai an lallaɓa shi, idan aka ƙara masa azumi a zafin Sakkwato, inda rana kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ai an yi gyaran gangar auzinawa. Balle idan yana da ciwon suga ko hawan jini.

Abin da kika lissafa, wato rashin cin abinci, farkawa tsakar dare barci ya ƙi dawowa, da barin abin da mutum ya fi ƙauna, alamu ne na ciwon damuwa. Makoki daban yake. Mai makoki yakan yi kuka yau, gobe jika ya ba shi dariya, baƙin cikin yana zuwa yana tafiya. Idan kuwa ya zauna daram kusan kowace rana fiye da mako 2, har mutum ya fara ganin kansa ba shi da amfani, to lokacin ganin likita ya yi. Ku fara da gwajin jini, domin ƙarancin jini, suga da matsalar maƙoƙo duk suna iya kashe wa tsoho jiki da zuciya. A duba kunnensa ma. Tsofaffi da yawa suna janyewa daga taro ne don ba sa jin abin da ake faɗi, kuma kunya ta hana su cewa a maimaita. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na san da an ambaci Kware sai gaban mutane ya faɗi, a ce za a kira Baba mahaukaci. Ciwon damuwa ba hauka ba ne, yana kuma jin magani ko a shekara 80.

Kalmar nan tasa ta "lokaci nake jira" kada ki bar ta ta wuce. Ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya ce e, a ranar za ku tafi asibiti, a kuma kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakinsa.

Su kuwa masu cewa bangaskiya ce, ina roƙonsu su buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya, wanda bai daɗe da ganin wuta ta sauko daga sama a Dutsen Karmel ba, ya gudu jeji, ya zauna gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Gurasa da ruwa ya ajiye masa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Sai da ya isa Dutsen Horeb Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya saurari kukansa har sau biyu, ya gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin nan Ba'al ba, ya kuma ba shi aiki, ciki har da keɓe Elisha ya gaje shi a annabci. Marubucin Zabura 71 shi ma tsoho ne da ke roƙon kada Allah ya yashe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Da irin wannan kuka zunubi ne, da ba a bar mana shi cikin Littafi Mai Tsarki ba.

Aikin nan da aka ba Iliya shi ne inda gidajenmu suka fi yin kuskure, cikin ƙauna kuwa. "Baba, huta." "Baba, bari yara su yi." A hankali sai a raba tsoho da komai, ofis ya tafi, matar da ke tambayarsa me zai ci ta tafi, ya rage daga shi sai kujera a gindin dogonyaro. Ki nemi abin da sai shi. Ya koya wa jikoki waƙoƙin sujada da yaren gida, ko ya riƙa yin addu'ar yamma a gidan, ko da ta minti 2 ce. Idan ya ɗauko labarin Mama karo na goma, kada ki ce ya riga ya faɗa. Masanin halayyar ɗan Adam Erik Erikson ya nuna cewa babban aikin tsufa shi ne waiwaye, mutum ya auna rayuwarsa ya ga ko ta yi ma'ana. Maimaicin nan lissafi yake yi, kuma yana bukatar mai saurare.

Batun coci, kada a ja shi da ƙarfi. Mai yiwuwa bencin da Mama ke zama a ɓangaren Zumuntar Mata ne ba ya iya kallo. Ki gaya wa fasto ya turo dattijo ɗaya, tsararsa, ba ayari mai tafi da ganga ba, ya riƙa zuwa da la'asar idan rana ta yi sanyi, su sha kunu su yi hira. Komawa Zuru kuma, idan dangi sun kawo maganar, a bar ta sai ya samu sauƙi, shi da bakinsa ya faɗi inda yake so ya zauna.