Amsa ga Maman Ilham kan kayan Sallar yara

Assalamu alaikum, matan gida, barkanmu da yamma. Maman Ilham ƙanwata, tun azahar na saurari saƙonki, baƙi ne suka riƙe ni. Kin ce yara 5, ga azumi ya ƙarato, ga kuma ankon biki a dangin maigida bayan Sallah, kin rasa ta ina za ki kama. Wallahi yadda na ji muryarki ta tsaya mini a rai. Bari in faɗa miki yadda nake yi a nan Daura, ki ɗauki abin da ya yi miki.

Kafin ki taka kasuwa, ki zazzage akwatuna da durowa kaf a kan tabarma, ki kira yaran ɗaya bayan ɗaya su gwada. Bara da na yi haka, sai ga shaddar Abba kala 2 a ƙasan akwati, ko sau 3 bai sa ba sun ɗage masa, har karin guga bai baje ba. Na kai wa tela ya rage wa ƙaninsa, na ba masu bugu suka buge, na saya masa sabuwar hula. Da ita yaron ya je kallon hawa a ƙofar fada, yana ta taƙama.

Tsadar kuwa ba laifinki ba ce, kada ki ɗora wa kanki. Tun 2023 da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi, tufafi suka yi tashin gwauron zabi. Yawancin atamfa da yadin da muke gani daga Chana ake shigo da su, 'yan kasuwarmu su saro a Kantin Kwari, ga dala, ga kuɗin mota daga Kano. Mu da ake noma auduga a Funtuwa da Malumfashi da Bakori! Abin yana yi mini ciwo. Manyan masaƙun Kaduna da suka tufatar da iyayenmu sun durƙushe, ita masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) a 2007 ta rufe. To tunda haka ne, duk yadin da ya shigo gidanki dole ya yi aikin kuɗinsa.

Ni na daina tambayar "nawa ne" kaɗai, sai in tambayi kaina sau nawa za a sa. Misali, ki sayi na 10,000 ya koɗe a wanki na 5, wata ta sayi na 18,000 yaya ta sa shekara 2 ta sauke wa ƙanwa. Wa ya yi asara? Ai araha ba ta ado. Gara kala 1 mai kyau ga kowane yaro da kala 3 da ba za su kai Babbar Sallah ba.

In kin je shago, ki murza bakin atamfar da yatsu. In sitaci ya kakkaɓe ta koma sharara, ki ajiye. Ki ɗaga ta ki kalli haske, za ki ga ko saƙar ta cika. Ni har farin hankici nake jiƙawa in goga a gefe, in ya ɗebo launi na san zuba za ta yi. Turmi yadi 6 ne, in yaran ƙanana ne zai fitar wa mata 2, wani lokacin har da ɗankwali.

Sai wurin tela, nan ne ake cin mu. Ki kai ɗinki tun a Sha'aban, kafin su fara kwana a shago suna ɗinkin gaggawa. Ki tsaya a kansa ki ce ya bar ninki kamar inci 3 a ƙasan riga da ƙafar wando, ya bar sarari a gefe, in yaro ya miƙe a warware. Ƙyallayen da suka rage ki karɓo abinki, ranar faci suna da amfani. Duwatsun nan da ake mannawa ki rage su, wanki 2 suke zubewa.

Wanki kuma, a juya rigar ciki waje, kada a jiƙa ta kwana, a shanya a inuwa. Ranar Daura a watan Afrilu ko baƙin rini sai ta cinye shi. Kayan wasa da rigunan sanyi na hunturu, gwanjo nake ɗauka ba na jin kunya, in wanke da ruwan zafi in goge.

Maganar anko, na san ita ta fi hana ki barci. Ki samu uwar amarya tun yanzu, ki gaishe ta da ladabi, ki ce "Yaya, bana ke ma kin ga yadda ake, ni da Ilham za mu yi, sauran za su sa na Sallarsu." Gudunmawarki ki kai da hannunki, ki je da wuri ki kama aiki. Mai hankali ba za ta riƙe ki ba. Amma don Allah kada ki ci bashi, kada ki taɓa kuɗin adashinki saboda zanen yini ɗaya.

Akwai dogayen riguna 3 na Ummi da suka yi mata kaɗan, ɗaya leshi ce, ko ɗigon manja babu. Ki turo mini awon ta biyunki ta bayan fage, in sun yi ranar Juma'a in ba Abba ya kawo miki. Ga shi ana kiran magariba, bari in tashi.