Filin Lambu: Salbiyar da ta toshe hanyar ƙofar gida

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan Mayu na sayi salbiya guda goma mai fure shuɗi-shuɗi mai laushi kamar karan-miski, kowace a baƙar leda, tsayinta bai wuce taƙi ba. Mai sayarwa ya ce ba ta girma sosai. Na jera su a gindin katanga, tazarar ƙafa ɗaya tsakani. Yanzu ga Satumba, sun kai mini ƙugu, sun haɗe, sun kwanto kan hanyar shiga gida, kuma furen ma bai fito yadda na gani a hoto ba. Iya ina girmansu zai tsaya? Daga wata mai karatu a Malali, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Shukarki lafiyarta ƙalau. Matsalar ita ce sunan "salbiya" laima ce da ta rufe nau'i kusan 1,000, dukkansu 'yan gida ɗaya da ɗoɗɗoya da na'a-na'a. Ki murza karan tsakanin yatsunki za ki ji yana da kusurwa huɗu, ganye kuma biyu-biyu suna fuskantar juna. Amma a wajen girma, wata ba ta wuce gwiwa, wata sai ta kai ƙirji, kuma a cikin leda duk kamarsu ɗaya.

Daga bayaninki, taki ita ce Salvia leucantha, 'yar asalin ƙasar Meziko. Ki duba: ganyenta siriri ne dogo kamar na bishiyar turare, samansa kore mai toka-toka, ƙasansa fari mai gashi, sabon kara kuma fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Idan haka ne, girmanta na ƙarshe mita 1 zuwa 1.2 ne a tsayi, faɗi ma kusan haka, wani lokaci ya zarce idan ƙasa ta yi mata daɗi. Kuma ba ta ɗaukar shekaru. Damina ɗaya ta ishe ta kai wannan tsayin. Daga shekara ta biyu tsayin ba ya ƙaruwa sosai, gindin ne ke ta faɗaɗa, domin sababbin karare suna ɓullowa daga ƙasa a gefe-gefe. Wurin da kika sa goma, uku ko huɗu ne haƙƙinsa.

Kada ki taɓa su yanzu. Wannan nau'in yana jiran rana ta fara gajarta kafin ya saki fure sosai, saboda haka daga Oktoba zuwa cikin hunturu ne za ki ga abin da kika gani a hoto. Idan kika sare su a Satumba, furen bana kika sare. Ki kafa turaku biyu ko uku a bakin hanya, ki ja igiya a tsayin santimita 60 ta tallafe su. Bayan fure ya bushe, ki leƙa gindi: da kin ga sababbin tsiro farare sun fito, ki yanke tsofaffin karare ki bar santimita 15 zuwa 20. Da ruwa ya zauna a Mayu ko farkon Yuni, ki tone shida daga ciki da ƙasar gindinsu, ki mayar da su wani wuri. Waɗanda suka rage a bar mita 1 tsakaninsu, da aƙalla santimita 60 daga katanga, da kuma daga bakin hanya. Wurin zai yi miki kamar fili a makonnin farko, ki daure, kafin Agusta ya cike.

Idan kina son su tsaya gajeru, a rage kashi ɗaya cikin uku na tsayinsu a ƙarshen Yuni. Suna yin rassa da yawa, su tsaya da ƙafarsu, amma kada a sake sa musu almakashi bayan Yuli.

Tambaya: Ni kuma tawa ja ce. Na so ta zame mini shinge a gaban shago, amma wata huɗu ke nan ba ta wuce tsawon kwalbar lemo ba, sai fure kawai take yi. Wane taki zan ƙara? Daga wani mai karatu a Kawo.

Amsa: Malam, ka adana kuɗin takinka. Jar salbiyar da aka fi sayarwa ita ce Salvia splendens, asalinta daga Burazil. A dajin can tana wuce mita 1, amma irin da ke cikin fakiti galibi an tace shi ne don ya zama gajere, santimita 20 zuwa 30, ya yi fure da wuri. Da zarar zangarniyar fure ta fito a kan kara, wannan karan ya gama tsawo. Ko buhun yuriya ka juye mata ba za ta zama shinge ba, ganye kawai za ta tara, fure ya ragu.

Ita ta gefen hanya ce da tukwane. Daga shuka iri zuwa fure wajen mako 10 zuwa 12 ne. Ana barbaɗa irin a saman ƙasa mai laushi a danna shi da tafin hannu, ba a binne shi, domin yana buƙatar haske kafin ya tsiro, kuma tsirowar na ɗaukar kwana 10 zuwa 15. A dasa idan ta yi ganye huɗu zuwa shida, tazarar santimita 25 zuwa 30. Ranar Maris da Afrilu ta Kaduna tana ƙona ta, don haka a ba ta wurin da ke samun hantsi, inuwa ta rufe shi bayan azahar. Duk zangarniyar da ta koɗe a tsinke ta daga gaɓar da ke ƙasa, biyu za su fito a madadinta. Kuma ba mai tsawon rai ba ce. Bayan 'yan watanni takan tsufa, a sake sabuwa.

Don shingen gaban shago, wadda Hajiya ke kuka da ita a sama ita ce maganinka. Ka nemi reshe mai santimita 10 zuwa 15 wanda bai yi fure ba, ka cire ganyen ƙasa, ka soka a yashi mai danshi a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku yake yin saiwa. Idan kuma matsakaiciya kake so, akwai Salvia farinacea mai shuɗin fure, wadda ke tsayawa tsakanin santimita 45 da 90, kuma ta fi jar jure zafi.

Tambaya: Tawa ta yi tsawo, ta yi laƙo-laƙo, a Agusta ta kwanta, gindin ya yi baƙi ya ruɓe. Kullum ina ba ta ruwa. Daga wata mai karatu a Barnawa.

Amsa: Abu biyu ne suka haɗu, 'yar'uwa. Tsawon da babu ƙarfi alamar ƙarancin rana ne ko yawan taki. Ki auna tazarar gaɓa da gaɓa: idan ta yi nisa, ganye ya yi faɗi ya yi laushi, shukar tana miƙa wuya ne tana neman haske. Ban da ja, sauran suna son rana ta awa shida ko fiye. A ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya ba za su taɓa yin ƙwari ba.

Baƙin gindi kuwa ruwa ne. Salbiya ta fi haƙuri da ƙishi a kan ta kwana a cikin ruwa, kuma jar ƙasarmu mai yumɓu tana riƙe ruwa lokacin marka. A Agusta ba a ƙara mata ko ɗigo. Ki gwada wurin tun kafin dashe: ki haƙa rami mai zurfin santimita 30, ki cika shi da ruwa da safe. Idan da yamma akwai saura, sai a tayar da kunya mai tsayin santimita 15 zuwa 20, a gauraya ƙasar wurin kashi biyu, yashin kogi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen kashin shanu kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma janyo gara. Takin zamani NPK 15-15-15, ƙaramin cokali ɗaya ga kowace shuka mako uku bayan dashe ya isa, a zuba nesa da kara da faɗin tafin hannu.

A tukunya, a tabbata akwai huda a ƙasa, a ɗora ta kan bulo don ruwa ya wuce. Gajeriyar ja tukunya mai faɗin santimita 20 ta ishe ta, babbar kuwa sai mai 40 ko fiye, kuma duk da haka ba za ta kai girman ta ƙasa ba. A hunturu a soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu. Idan ya fito a bushe, sai a ba da ruwa a gindi da sassafe, ba a kan ganye ba.